Kafso a Shayi na Uku

Maza bakwai ne a fadar Balarabe. Fada a Gazawa ba ta sarki ba ce: tabarma ce, da murhun waya, da butar shayi, da maza masu zama wuri ɗaya kullum suna faɗa wa juna abin da suka riga suka faɗa jiya. Tasu tana ƙarƙashin bishiyar bedi, bayan tashar masu moto, wato babur. Sana'arsu ɗaya. Sukan bi hanyar daji su tsallaka iyaka da jarkoki babu komai a ciki, su kwana biyu can, su dawo da isansi, wato fetur, ɗaure a bayan moto. Wasunsu kan dawo da wani abin kuma wanda ba a ɗaure shi da igiya.

Ciwon sanyi ne, amma ba a taɓa kiran sunansa a kan tabarmar ba. Balarabe, wanda tsohon ɗan kokawa ne kuma shugaban fadar, shi ya samo dabarar da ta raba su da kiran sunan. Duk ranar da suka dawo daga hanya, sai ya biya ta kasuwa ya sayi kafso shida ja-da-rawaya. Idan an sha shayi na farko mai ɗaci, an sha na biyu, sai ya ɓare kafson ɗaya bayan ɗaya ya juye garin cikin buta, ya ƙara sukari, a dafa na uku. Kowa ya sha. Mai ciwo ya sha, marar ciwo ya sha, babu wanda ya san wane ne wane. Balarabe yana alfahari da wannan dabara fiye da duk kayen da ya yi a filin kokawa, kuma a gaskiya ta fi su daɗewa.

Doka ɗaya ce: ba a ƙin shayi na uku. Wanda ya ƙi, ya ce ke nan shi mai tsarki ne, sauran ne ƙazamai. Safiyanu ya taɓa ƙi, shekarar da ya yi aure, ya ce shi lafiyarsa lau. Balarabe ya riƙe masa ƙeya, ya tura masa kofin a baki har gilashin ya fashe da haƙori ɗaya. Safiyanu ya tofar da jini, aka zuba masa wani, ya sha. Tun daga ranar yakan riga kowa miƙa hannu.

Garzali ne yake sayar musu da kafson. Yana da babban faranti a bakin rumfar masu gishiri, magunguna jere a kai cikin rana, na ciwon kai, na tsutsar ciki, na ƙarfin jiki. Ya yi lakol, makarantar boko, shekara shida, don haka yana iya karanta rubutun kwali a hankali, yana motsa leɓe. Mutane suna ce masa Likita, rabi wasa, rabi don ba su da wani kusa. Ƙanwarsa Hamdiya tana auren Tahiru, wanda shi ne ƙarami a fadar. Garzali ya san inda kafson yake zuwa. Ya kuma san kafso shida a cikin buta ɗaya tsakanin maza bakwai ba magani ba ne. Shekara huɗu yana sayarwa bai daina ba.

Da farko abin yana yi, ko kuma ciwon yakan lafa don kansa a ce ya yi. Daga baya ja-da-rawaya ya daina. Aka koma farar ƙwaya mai suna sifro, wadda sai an daka ta da gindin kofi. Ta yi shekara guda. Zuwa damina ta bara, duk wanda ya zauna kusa da fadar zai ga mazan suna tashi ɗaya-ɗaya su zaga bayan katangar tasha, su daɗe, su fito goshi jiƙe da gumi suna tafiya kamar an ɗaura musu ƙaya a wando. Balarabe kansa an ga ya fito da sawun haƙora a hannun rigarsa. Ya ƙara ƙwayar daga shida zuwa goma sha biyu. Shayi na uku ya koma ɗaci fiye da na farko.

Garzali ya taɓa gaya wa Balarabe abin da ya ji daga bakin majo Shu'aibu, babban ma'aikacin asibitin garin. Ya ce ƙwayar cutar rai gare ta, kuma idan ana ba ta magani kaɗan-kaɗan wanda bai isa ya kashe ta ba, sabawa take yi, kamar yadda mutum ke sabawa da yaji. Wadda ta saba ita ce take haihuwa. Balarabe ya saurara har ƙarshe, ya ce masa shi dai ya ƙirgo sha biyu, wa'azin ya bari sai Juma'a.

Hamdiya ta haihu a gida ranar Laraba da hantsi, haihuwarta ta biyu, 'ya mace. A kwana na uku idanun jaririyar suka kumbura suka rufe. Idan an buɗe fatar da yatsa, sai mugunya mai kauri ta fito, rawaya, a goge, kafin a wanke hannu wata ta taru. Kadi, uwar Tahiru, wadda take kula da wankan jego, ta ce iska ce ta shige su. Ta sa Hamdiya ta tatsa nono a ciki, ta kuma shafa tozali. Tahiru ya tsaya bakin ƙofa ya dubi mugunyar. Ya san launinta, yana ganin irinta kowace safiya. Ya fita, ya dawo da kafso ɗaya, ya ɓare a cikin ruwa, ya ce a riƙa wanke idon da shi.

A rana ta huɗu Garzali ya zo barka da sabulu da turmin atamfa. Aka miƙo masa jaririyar. Ya daɗe yana dubanta. Hamdiya ta tambaye shi ko akwai wani abu a farantinsa da za a ɗiga, ya ce babu. Ya mayar da ita, ya ce wa Tahiru su je zaure.

A zaure ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce abin da ke idon yarinyar daga jikin uwarta ya fito lokacin haihuwa, kuma uwarta ba daga rijiya ta ɗebo shi ba. Ya ce irin wannan mugunyar cin ido take yi, kwana biyu ko uku ta huda shi, kuma kafson da ya kasa warkar da babban mutum ba zai yi wa jaririya komai ba. A kai ta wurin majo yau.

Tahiru ya ce mai jego ba ta fita kafin suna. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Kowa a Gazawa ya san majo Shu'aibu ba ya duba irin wannan ido sai ya ce a kira uban, ya yi masa tambaya, ya yi wa miji da mata allura tare. Kuma bencin da maza ke jira a kai yana kallon hanyar kasuwa.

"Kwana uku ya rage, Yaya Garzali. Bayan suna ni da kaina zan kai ta."

"Bayan suna sai ka kai ta ta koyi riƙon sanda."

"Kana nufin me?"

"Ina nufin abin da kuke sha a shayi. Ni na sayar muku, na san ranakun."

Tahiru ya kai masa naushi a baki. Bai shirya yin haka ba, shi ya sa naushin ya sauka daidai. Garzali ya bugu da bangon zaure, hularsa ta faɗi. Ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya goge leɓe da ita. Kadi ta leƙo ta tambayi ko lafiya, su biyun suka ce lafiya lau. Maza a nan suna iya haɗa kai a kan wannan amsar ko da wuƙa a cikin ɗayansu.

Washegari ranar kasuwa ce, kuma ranar da fada ke shan na uku. Wajen azahar Balarabe ya zo gaban farantin, mutanensa shida a bayansa domin daga nan tasha za su wuce. Ya ce sha biyu. Garzali, leɓe a kumbure, ya ce ba zai sayar ba. Ya yi tunanin idan ya faɗi maganar a gaban mutane, kunyar da Tahiru yake gudu ta riga ta faru, ba abin da zai hana shi kai yarinyar. Lissafi ne irin na wanda ya yi lakol. Ya ɗaga murya yadda masu gishiri za su ji, ya ce maganin ya daina aiki a jikinsu domin sun shekara huɗu suna koya wa ciwon shan sa a cikin buta, kuma yanzu ciwon ya bar wandunansu ya shiga idon jaririya 'yar kwana biyar.

Wata mai sayen gishiri ta rufe baki da gyale.

Balarabe bai yi fushi a fuska ba. A kokawa ya koyi cewa idan an kama ka, ba ka ja baya, juyawa kake yi. Ya ɗauki kafso ɗaya daga farantin, ya ɓare shi a tafin hannu, ya ɗaga garin sama ya zagaya da shi. Ya ce wa mutane su duba da kyau, garin rogo ne. Ya ce wata shida ke nan suna sayen magani wurin wannan mutumin don ciwon baya, ciwon masu tuƙa moto, ba sauƙi, ashe garin rogo yake ɗurawa a kwanso, yau da aka gano shi ya koma yi wa mutane ƙazafi. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa sayen magani a nan bai warke ba.

Akwai. A kowace kasuwa akwai. Akwai wanda ɗansa ya mutu da zazzaɓi, akwai wanda haƙorinsa bai daina ciwo ba, akwai kuma maza da yawa a cikin taron waɗanda su ma suke zagawa bayan katanga su daɗe, kuma garin rogo ya fi musu daɗin ji.

Balarabe ya harbi farantin da ƙafa. Magunguna suka watse cikin ƙasa, aka bi ta kansu. Ya kama Garzali a kwankwaso, ya ɗaga shi kamar buhun wake, ya maka shi a kan buhunan gishiri, sannan a ƙasa. Ƙarar da ta fito daga kafaɗarsa an ji ta har rumfar masu tabarma. Daga nan ya kwance igiyar robar da suke ɗaure jarkoki, mai ƙugiyar ƙarfe a baki, ya naɗe ta biyu a hannu, ya sauke masa sau uku a baya. Rigar ta tsage, fatar ta bi ta.

Sai ya miƙa wa na kusa da shi. A fadar Balarabe ba a cin abu a hana wani. Igiyar ta zagaya kamar kofi. Safiyanu ya karɓa da sauri ya yi nasa a cinya. Na bayansa ya samu kunne, ƙugiyar ta tafi da rabinsa. Garzali ya dunƙule ya rufe kai da hannu ɗaya, ɗayan ba ya ɗaguwa. Wasu daga cikin taron suka ƙara da abin da ke hannunsu, takalmi, dutsen awo, wani har da ƙotar gatarin da ya zo saye. Gishiri ya zube ya shiga raunukan. Bai yi ihu sosai ba. Abin da yake ta maimaitawa cikin ƙasa shi ne a kai yarinyar, a kai yarinyar, amma mutanen da ke dukan mutum ba sauraronsa suka zo yi ba.

Igiyar ta iso Tahiru a ƙarshe. Ya tsaya da ita a hannu. Garzali ya ɗago fuska daga ƙasa ya dube shi da idon da bai rufe ba.

"Ko kai ba ka sha ba ne?" in ji Balarabe.

Tahiru ya ɗaga ya sauke. Ƙugiyar ta sami muƙamuƙi. Bakin Garzali ya karkace gefe ɗaya ya tsaya a haka, maganar ta ƙare.

Da jandarma biyu suka iso, kowa yana tayin gishiri. Laraba mai tuwo ce ta sa aka ɗora shi a amalanken jaki aka nufi asibiti. Ita kuma ta bar tukunyarta ta tafi gidan Tahiru, domin ta san a cikin duk mazan da suka gani babu wanda zai je ya faɗa.

La'asar ta yi. A tsakar gida Kadi ta hura itace ƙarƙashin babbar tukunyar wankan jego, ruwan yana tafasa da ganye a ciki. Laraba ta faɗa wa Hamdiya komai a tsaye, har da abin da wanta ya ce a gaban masu gishiri, har da wanda ya yi dukan ƙarshe. Hamdiya ba ta yi kuka ba. Watanni tana fama da ciwon mara da wani ruwa da ba ta gane ba, an ce mata na ciki ne. Ta shiga ɗaki ta naɗe jaririyar a zane, ta miƙa wa Laraba, ta ɗauki gyale.

Tahiru ya shigo a daidai lokacin, ya tsaya a bakin ƙofar da ke fita zaure. Akwai ɗigon jini a ƙafar wandonsa. Ya ce ba inda za ta. Kadi ta ce mai jego 'yar kwana biyar ba ta taka titi, me mutane za su ce. Hamdiya ta ce wa mijinta ya ba ta hanya. Ya ce idan ta fita kada ta dawo. Ta sake cewa ya ba ta hanya. Ya miƙa hannu zai ƙwace jaririyar daga wurin Laraba.

Ƙwaryar kamfatar ruwa tana kan murfin tukunya. Hamdiya ta cika ta, ta watsa masa a ƙirji. Ruwan da aka dafa don ya gasa jikin mai jego ne, ana sirka shi kafin a taɓa. Wannan ba a sirka ba. Tahiru ya faɗi yana yage rigar daga jikinsa, fatar wuyansa tana biyo ta. Kadi ta yi kansa. Hamdiya ta tsallake ƙafafunsa, ta karɓi 'yarta, ta bi ta tsakiyar kasuwa a hankali, domin tafiyar da jikinta zai iya ke nan. Mutanen da suka watse ɗazu suka ba ta hanya.

Ta samu majo Shu'aibu yana ɗinke abin da ya rage na kunnen wanta. An ɗaure muƙamuƙin da bandeji ta saman kai. Da Garzali ya gan ta, ya ture hannun majo, ya nuna zanen da ke ƙirjinta, ya ci gaba da nunawa har majo ya ajiye allurar ɗinkin.

Majo ya kwantar da jaririyar kusa da taga, ya buɗe fatar idon dama. Mugunya ta yi tsalle har kan rigarsa. Ya wanke da ruwan gishirin asibiti, ya sake wankewa, ya duba. Ya buɗe na hagu, ya wanke, ya daɗe yana dubawa. Ya fasa wata ƙaramar kwalba mai farin gari, ya haɗa da ruwa, ya yi wa jaririyar allura a cinya, sannan ya fasa ta biyu ya yi wa uwar. Ya koya wa Hamdiya yadda za ta riƙa wanke idon kowace sa'a, ba dare ba rana. Ta tambaye shi gaskiya.

"Na hagu ya huje, 'yata. Na dama da sauransa. Da jiya kika zo, da wata magana muke yi."

Ya ce gobe da safe su wuce Maradi, ita da yarinyar da wanta, akwai masu duba ido da masu gyaran ƙashi. Sai ya tambaya ina uban. Hamdiya ta ce yana tafe.

Ya kuwa zo, kafin magariba, Kadi tana riƙe da shi, an shafa masa ɗanyen ƙwai a ƙirji. Babu wuri a ciki, aka zaunar da shi a bencin da ke kallon hanyar kasuwa, ba riga, daidai lokacin da kasuwa ke tashi. Duk wanda ya wuce ya gan shi. Majo ya wanke ƙunar ya rufe ta, sannan ya yi masa tambayar. Tahiru ya dubi ƙasa ya ce tun damina. Majo ya fasa kwalba ta uku. Ya gaya masa cewa ja-da-rawaya ya tafi, sifro ya tafi, wannan allurar ita ce ta rage, kuma ranar da ciwon ya saba da ita, ba shi da wani abu a kabad ɗinsa da zai ba kowa.

An yi suna ba mai jego a gida, ba jaririya. Aka yanka rago, liman ya raɗa mata Lubna, aka aika da sunan Maradi ta waya. Ba a kama kowa ba a kan dukan, domin Garzali ba ya iya magana, kuma kasuwa guda ba ta ga komai ba. Wata biyu ya yi yana shan kunu ta kara. Bai koma faranti ba.

Tahiru bai sake zama a kan tabarmar ba, fada ta koma mutum shida. Labarin allurar da ta warkar da Tahiru ya kai musu, da sunanta, da kamannin kwalbar. A tafiyar da ta biyo baya Balarabe ya samo irinta guda biyu a wani shago can ƙetare. Babu mai yin allura a cikinsu, kuma ba wanda zai tuɓe wando a gaban wani. Balarabe ya ɓalle murfin da wuƙa ya juye farin garin a cikin buta.

Hamdiya ta dawo daga Maradi ta sauka a gidan wanta, kuma can take har yau. Lubna ta fara rarrafe. Idon hagu fari ne fat, kamar an ɗiga nono ya daskare. Idan Garzali ya shigo ya kira ta da karkataccen bakinsa, sai ta juya kanta gaba ɗaya, ta neme shi da na dama har ta same shi.